Malam Edita, a daina rubuta mana J96.9 ga takardar mamatanmu

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa, ya aiki ya ƙoƙari, ya kuma wagga ƙura ta hunturu da ta rufe mu nan Tawa ko rana ba mu gani sosai. Dan Allah ka yi haƙuri da rubutuna, ni ba ɗan jarida ba ne kuma ga waya nike bugawa da babban yatsa, in ka ga kuskure ka gyara amma kar ka yanke mani maganar, don ta daɗe tana ci mani rai kuma duk wanda na tara da ita sai ya ce mani haba Malam wanda ya mutu ai ya mutu, mi takarda za ta ƙara mishi. To na yarda ba ta ƙara mishi komi, amma akwai waɗanda ya bari.

Na yi shekara ashirin da wani abu ina aikin likita cikin wagga jiha tamu. Da anfirme na fara, allura da wankin ciwo da kwanan gardi, daga baya da baya ta fara ciwo anka maida ni biron lissahi, wato ni ne mai tattara rajista da dosiye ƙarshen wata, in ƙidaya mutum nawa sunka zo, mi ke damunsu, nawa sunka warke nawa sunka rasu, in cika rahoto in aika gaba. Da a takarda muke yi muna ba direban ambilans ya kai, daga baya anka kawo kwamfuta da wannan tsarin DHIS2 da ake shigar da lissahin ƙasa duka ciki. Yanzu na yi ritaya ina zaune gida ina kiwon 'yan tumakina, shi ya sa ma na samu bakin magana.

Maganar tawa kan wata 'yar lamba ce, J96.9. Na san masu karatu za su ce mi ya haɗa mu da lamba kamar ta mota, to ku dakata ku ji. Duk wata cuta da ke duniya tana da lambarta, tun daga mura har cizon maciji har faɗowa daga bisan raƙumi wlh akwai lambarshi, cikin wani kundi na hukumar lahiya ta duniya OMS da ake ce ma CIM, mu sim-dis muke cewa don da bugu na goma munka yi aiki. Asalin abin wani Bafaranshe ne Jacques Bertillon ya tsara jerin abubuwan da ke kashe mutane a 1893, OMS ta karɓi ragama a 1948, bugu na goma anka amince da shi a 1990 ya fara aiki 1994, yanzu har na sha ɗaya ya hito tun 1 ga Janairun 2022. Ni dai na goman na riƙa da hannuna, littahi uku ne manya, namu na biro bangon ɗaya ya cire gara ta ci gefe, ni na ɗaure shi da kyauron taya. Amfaninshi shi ne in likitan Buza ya rubuta cuta da faransanci, na Kano ya rubuta da turanci, na Misira da larabci, in anka maida su lamba duk magana ɗaya ce, sai a iya tarawa a ƙidaya.

Mafi yawan abin da ya shahi hanci da maƙogwaro da huhu harafin J ne, daga J00 wato mura har J99. Ciwon haƙarƙari da ake ce ma namoniya in ba a gano ƙwayar da ta kawo shi ba J18 ne, asma J45, toshewar huhu irin ta masu shan taba da tsohin mata da sunka ƙare rayuwarsu cikin hayaƙin murhu J44. Ita kuwa J96 ma'anarta kasawar numfashi. Huhu aiki biyu gare shi, ya shigar da oksijen cikin jini ya kuma fitar da gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama da ita, ranar da ya kasa ɗaya ko duka biyun to an shiga J96. In abin ya zo farat ɗaya J96.0, in ya daɗe mutum na fama da shi wata da watanni J96.1, in kuwa wanda ya rubuta bai faɗi ko wace iri ba ce sai a jefa ta J96.9, wato ba a fayyace ba. Wagga tara ta ƙarshe ita ce shara, kuma ba ni na raɗa mata suna ba, masanan lissahin lahiya na duniya da kansu lambobin shara suke ce ma irinta in anka sa su a matsayin sanadin mutuwa.

Don Allah Malam Edita wa ka taɓa ji ya mutu numfashinshi bai tsaya ba? Wanda mota ta kaɗe numfashinshi ya tsaya, wadda ta zubda jini wajen haihuwa nata ya tsaya, tsohon da ya kai shekara ɗari ya kwanta bai tashi ba shi ma haka. To in ka rubuta mani wai abin da ya kashe wane kasawar numfashi ce ko tsayawar zuciya kamar ka ce mani gidan ya rushe ne saboda bango ya faɗi. Eh mun gani ya faɗi, amma ruwa ne ya ci gindinshi ko gara ko maginin ne ya ha'ince mu? An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Bari in ba ka labarin da ya sa na ɗauki waya. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi. Lokacin da zinariya ta ɓulla Jado a 2014 duk samarin Adar sunka watse can, kai ma ka sani, mu dama mutanen bida ne, da Abijan da Libiya ake tahiya sai ga arziki cikin gida. Ya saida ragunanshi biyu ya bi ayari. Da gwamnati ta rufe Jado a 2017 bai dawo ba sai ya wuce Cibarakatan, can kuma ba tsintar zinariya ake ba bisa rairayi, rami ake haƙawa mai zurhi cikin dutse, a fasa a hiddo a kai ga injin niƙa a maida shi gari. Shi da bakinshi ya ba ni labari wai in suna cikin ramin ko hitilar da ke goshin abokinka da ƙyar kake hangowa don ƙura, in sun hito kamar an tsoma su cikin buhun fulawa, abin rufe hanci kuwa sai rawani, shi ma in zahi ya yi yawa a kwance shi. Ya samu ɗan abin da ya samu, ya gina ɗaki biyu ya yi aure ya sai babur, Alhamdulillahi.

Zuwan da ya yi na ƙarshe na gane ba lahiya ba tun daga yadda ya sauko mota. Yaron da ke ɗaukar buhun hatsi shi kaɗai sai ga shi daga ƙofar gida zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango, wandonshi na zamewa, tari busasshe dare duka, matarshi ta ce da asuba sai ta matse rigarshi don zufa alhali ana sanyi. Na ce mishi gobe gobe mu tahi a yi hoton ƙirji a auna majina, ya ce yaya ƙurar daji ce kawai in na sha fura na huta za ta wuce. Ya ja ni sati uku da wannan maganar, kuma ni ma laihina ne da na biye mishi, ni da na san abin.

Daren da abin ya ƙwace munka sa shi cikin adaidaita, ba zan faɗi wace likita munka je ba don ba tonon asiri ya kawo ni ba, kuma gsky yaran da munka iske gardi sun yi iya ƙoƙarinsu. Ba ya iya kwanciya sai zaune, ya dafa gwiwa da hannu biyu wuyanshi duk jijiya ta miƙe, leɓenshi ya koma kalar toka, in zai ce mani yaya ruwa sai ya raba ta biyu. Wata yarinya anfirme ta maƙala mishi ɗan abin nan na yatsa mai jan haske, ina tsaye ina kallo ya nuna 74, mai lahiya 95 zuwa sama yake nunawa, ƙasa da 90 ma an shiga haɗari. Anka jona mishi injin oksijen mai aiki da wuta, ya hau 85 ya tsaya nan, sai wuta ta ɗauke, kahin a tada gurup na ga lambar tana sauka ɗaya ɗaya kamar mai ƙirga kuɗɗi. Ya yi kwana huɗu. An yi hoto, an amshi majina. Dare na huɗu wajen ƙarhe uku Allah ya amshi abinshi, Allah ya jiƙanshi ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.

Da sahe kahin azahar mun rufe shi kamar yadda addini ya ce. Takardar da anka ba mu ko dubawa ban yi ba na cusa aljihu, sai bayan addu'ar bakwai da zan je meri neman takardar rasuwa saboda maganar gado na buɗe ta. Layi ɗaya ne rak, kasawar numfashi, da faransanci, sa hannu da tambari. Na san in ta iso biro irin wanda na zauna yaron da ke wurin zai buɗe littahi ya sa J96.9 ya wuce ta gaba, don abin da ni ma zan yi ke nan.

Abin da mutane ba su sani ba, takardar shaidar sanadin mutuwa ta OMS ba layi ɗaya gare ta ba, kamar tsani take. Layin sama a, nan ake sa abin da ya zo ƙarshe ya yanke rai. Ƙasanshi b, mi ya jawo a ɗin. Sai c, mi ya jawo b, har d in akwai, kuma gefen kowane layi akwai gurbin da za a sa tsawon lokaci, awa nawa kwana nawa shekara nawa. Layin da ke can ƙasa shi ne tushe, shi ne ake ba lamba a kai lissahin ƙasa, sauran duk rassa ne. Akwai kuma kashi na biyu na cututtukan da sunka taimaka amma ba su ne kan hanyar ba, kamar ciwon suga ko tamowa. To da an cika ta ƙanena yadda ya kamata, layin a kasawar numfashi kwana huɗu, ba wanda ya hana a rubuta ta nan, wurinta ke nan, layin b tarin fuka na huhu wata kaza, layin c ƙurar dutse da ta cinye huhu shekara kaza. Ciwon ƙurar dutse lambarshi J62, tarin fukan da anka gani cikin majina A15.0, in sun haɗu ga mutum guda kundin ya ware musu lamba tasu ta musamman J65, don tun da daɗewa an san ƙurar dutse ita ke share ma tarin fuka hanya, masu haƙar ma'adinai na Afirka ta Kudu sun ga wannan tun kakanninsu. Ka ga bambancin J65 da J96.9? Ɗaya tana cewa ku je ramukan zinariya akwai abin da ke cin samarinku, ɗayar kuwa cewa take wani ya mutu, shi ke nan.

Kuma ba hasashe nike ba. Bayan wata huɗu matarshi, tana gama takaba ke nan, ta fara irin tarin nan. Tsohuwarmu ta ce sanyi ne, anka yi ta sayen siro da ƙwayoyi wajen masu yawo da magani bisa kai, jikka biyu yau jikka uku gobe. Da na ji tarin da kunnena ta bayan katanga gabana ya faɗi, na tahi na samu wani tsohon abokin aiki na roƙe shi ya duba mani dosiyen marigayi. Malam Edita sakamakon majinar na ciki, an maƙala shi da ƙusa ga bangon baya, ya hito tun da rana kahin daren da ya cika, akwai ƙwayar tarin fuka. Wanda ya cika takardar da ƙarhe uku na dare bai kai ga shafin baya ba, abin da ya gani da idonshi ya rubuta, mutum ya kasa numfashi ya mutu. Ba wanda ya kira mu. Da kalmar tarin fuka ta hau takardar da ke aljihuna, ni da kaina zan kwashi gidan duka in kai a auna tun satin farko, don maganin kyauta ne wata shida, kuma yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da ya kwana ɗaki ɗaya da mai ciwon ana ba shi maganin kariya ko da bai fara tari ba. Ɗiyarshi lokacin shekararta biyu, a ƙirjinshi take barci.

Yanzu bari in juyo kaina don kar a ce tsoho ya yi ritaya ya zo yana zagin yara. Ni nan da kake gani na rubuta J96.9 ba adadi, da ita da 'yar uwarta I46 ta tsayawar zuciya. Ƙarshen wata ya zo, gobe ake son rahoto, dosiye tuli gabana, in buɗe in iske an rubuta wahalar numfashi da wani irin rubutu kamar kaza ta yi tonon ƙasa, likitan da ya rubuta ya tahi taron bita Yamai ko an yi mishi canjin wurin aiki, majo, wato shugaban anfirme, ya ce shi bai san zancen ba, to mi zan yi? Ƙa'idar aikin ta ce mai sa lamba ba ya ƙirƙiro cuta, abin da likita ya rubuta shi za ka bi, in bai gamsar ba ka koma ka tambaye shi. Komawar ce ba mu yi. Wani lokaci kunya, kai ƙaramin ma'aikaci ka je ka ce ma dokta takardarka ba ta cika ba, wani lokaci gajiya, wani lokaci kuma wlh ko a jikinmu, tunda ba wanda ya taɓa dawo mana da rahoto ya ce wannan shara ta yi yawa. Sai da abin ya faɗo gidanmu na zauna ina tuna ko gida nawa na rufe ma ido da hannuna.

Ban ce J96 ba ta da amfani ba fa, kar a juya mani magana. Ga mai rai da ke kwance tana da babban amfani, ita ke nuna cewa wannan namoniyar ba irin wadda za a ba amoksisilin a sallama ba ce, ta kai ga oksijen, kuma in an tara irinta ne za a san likita kaza na bukatar tukunyar oksijen nawa da inji nawa. Sai dai ita ma ɗin ba a sa ta da ka. Asalin yadda ake tabbatar da ita jini ake ɗiba ga jijiyar wuyan hannu mai bugawa a auna, ma'auninshi daban ne da na abin yatsa, in oksijen ya yi ƙasa da 60 ko gurɓatacciyar iskar ta haura wajen 50 to ta tabbata. Ni duk wuraren da na yi aiki ban taɓa ganin injin wannan awon da idona ba, sai dai ɗan na yatsan nan, shi ma akwai shekarun da guda ɗaya ne gare mu yana aljihun majo, in batir ya mutu sai a duba leɓe da farce. To wanda ake duba ma leɓe da hitilar waya ta ina za a rarrabe J96.0 da haki kawai, wanda shi lambarshi daban ce R06.0? Sai ka iske wata likita duk mai haki an sa mishi kasawar numfashi, wata kuma ba ta taɓa sawa ba ko sau ɗaya, in ka dubi lissahin sai ka ce garin nan huhunsu na ƙarhe ne.

Lokacin korona kowa ya ga yadda lamba ke da ƙarhi. Mutum na farko da anka tabbatar nan Nijar ranar 19 ga Maris 2020 ne, kuma kahin nan OMS ta riga ta hiddo sabuwar lamba U07.1, kullum da dare ana karanta adadi ga rediyo da tele, sai ga injinan oksijen da abin yatsa suna shigowa inda da munka yi shekaru muna roƙo. Abin da anka ƙidaya shi ake ba kuɗɗi. Namoniya kuwa da ke ɗauke mana ɗiya kowane hunturu tun kahin a haihe ni ba ta da mai karanta ta da dare.

Ga yara ƙanana ma abin ya fi ɓaci. An koya mana ƙirga numfashi da agogo, ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50 a minti, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ga haƙarƙari na shiga ciki, to namoniya ce. Amma yaron da ƙyanda ta kama ta sauka mishi ga huhu ya rasu, tushen ƙyanda ce, ita ya kamata ta hau lissahi don a san wace unguwa rigakahi bai kai ba. In anka sa kasawar numfashi ƙyandar ta ɓace, masu allura ba su zuwa. Jinjirin da ya zo bakwaini ya kasa numfashi kuwa ko kusa ba a sa mishi J96, nashi na cikin harafin P, P22 ko P28.5, amma na sha ganin an sa ma ɗan kwana biyu lambar manya. Tun 2006 gwamnati ta ce ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ake duba shi, madalla, to amma mai sayo maganin da za a ba su kyauta da wane lissahi zai yi oda in rabin abin da munka aika mishi ba a fayyace ba ne?

Wani yaron gidanmu da ke karatun likita ya ce mani a Amurka sana'a ce guda, mutum ya yi makaranta ya samu takarda kan sa lamba kawai, tun 1 ga Oktoban 2015 sunka koma ga nasu sim-dis da sunka faɗaɗa, J96.01 in oksijen ne ya yi ƙasa, J96.02 in gurɓatacciyar iska ce ta taru, har da lambar wanda ke da tsohuwar kasawa sabuwa ta hau kanta. Can da lambar ake biyan asibiti, shi ya sa in likita ya rubuta abu dunƙule sai an bi shi har gida ya warware, Faransa ma haka tun wajen 2004. Ni ban ce mu kwaikwayi wannan ba, don inda kuɗɗi ke bin lamba sai an samu masu kumbura ciwo, mai haki kaɗan a maida shi J96 don a ci riba. Mu namu ciwon akasin haka ne, ba mai samun ko dala in ya cika daidai, ba mai rasa ko dala in ya cika shirme.

Kuma duk wannan maganar waɗanda sunka mutu gadon likita nike yi. Mutanenmu na ƙauye da yawa a ɗaki suke cikawa, a yi musu sutura kahin rana ta yi zahi, ba takarda ba lamba, in ka tambaya a ce ajali ne ko a ce iska ko sanyi. Ajali gaskiya ne ba musu, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma Annabi ya ce a nemi magani. OMS na da wata takardar tambayoyi da ake zuwa bayan zaman makoki a zauna da wanda ya yi jinya, ya yi tari, wata nawa, ya rame, ya yi aikin rami, daga nan a ƙiyasta sanadi. Wakilan lahiya na ƙauyuka da muke da su za su iya wannan in an koya musu, sun san kowane gida kuma ba a rufe musu ƙofa.

Roƙona ga ma'aikatar lahiya da makarantun da ke hiddo likitoci da anfirme ba mai tsada ba ne, ban ce a sayo jirgi ba. A zaunar da yaran nan ko yini biyu ne a nuna musu tsanin nan na a b c d da dosiye na gaske, don ni har na gama makaranta ba wanda ya taɓa nuna mani shi, a bakin aiki na tsince shi. A ba na biron lissahi izini a rubuce ya maida ma dokta takarda in layi ɗaya ce, ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Sannan duk wanda ya zo da tari a tambaye shi aikin mi kake yi, ka taɓa shiga rami, ka taɓa aikin injin niƙa dutse, a rubuta, tambaya ce ta daƙiƙa goma. Ku kuma 'yan uwana masu jinya in an miƙo muku takarda ko cikin kuka ne ku ba wani mai karatu ya duba, in kun ga kasawar numfashi ko tsayawar zuciya ita kaɗai ku ce likita Allah ya ba ka haƙuri, mi ya kawo ta, ana ɗauka ko ba a ɗauka? Haƙƙinku ne, kuma mafi yawansu za su amsa muku da daɗin rai.

Matar ƙanena ta gama wata shidanta na magani, ta yi ƙiba har ta koma saida ƙosai ƙofar gida, yarinyar ma an ba ta nata ta sha. Abokan tahiyarshi uku da sunka yi rami ɗaya na bi su gida gida, biyu sun yarda sun je awo, ɗayan ya ce mani Baba in na dawo, ya hau mota ya koma Agadas ran kasuwar da ta wuce, ina jin tarinshi har motar ta tashi. Takardar kuwa tana nan cikin akwatina ƙarƙashin hular salla, na je sau biyu a gyara ta an ce wanda ya sa hannu an maida shi wata jiha, sai dai in jira.

Na gode Malam Edita, a gaida mutanen biro.

Naka,
tsohon ma'aikacin biron lissahi na likita,
daga Tawa